Iliyasu Mai Rediyo da Akwatin Wat Ɗari Huɗu

Iliyasu ɗan Maiguwa mutumin Tabotaki ne, daga gidan maƙera. Kakansa har ya koma bai taɓa sa goshi a ƙasa ba, baƙin bunsuru yake yankawa a gindin uwar maƙera duk farkon damina. Ubansa ne ya musulunta, ya bar yankan, ya riƙe zugazugi. A bakin wuta Iliyasu ya tashi, har ya zama in ya kusanta bayan hannunsa ga ƙarfe zai gaya maka ko ya isa duka ko da saura. Amma ƙira ba ta riƙe shi ba. Ya bi 'yan cin rani zuwa Abijan, ya yi shekara bakwai a rumfar wani mai gyaran rediyo da talabijin, wanda daga baya ofisoshi suka fara kawo masa kwamfuta. Ya dawo da turnabis shida na kwance kusoshi, da ƙarfen liƙin dalma, da wani tari da ba ya barinsa in ruwa ya sauka. Ya kafa rumfa a kasuwar Madawa.

Mutum ne marar yawan magana, kuma ba ya iya ɓoye abin da ya gani, abin da ya sa wasu suke cewa yana da girman kai. In ka kawo rediyo ya ga ta mutu, zai ce ta mutu, ko da ta gadon ubanka ce.

A shekarar 1997 wani ƙaramin asibitin mishan da ke bayan gari, tafiyar rabin awa a moto, wato babur, yana da kwamfuta guda ɗaya tak, a ɗakin gwajin jini. Madam Abigail ce mai kula da ɗakin. Ta yi wata biyar tana kwashe sunayen masu ba da jini daga wani tsohon littafi da gara ta fara ci, tana zuba su a ciki: sunan mutum, da ƙauyensa, da irin jininsa. Da ta gama, littafin ya ƙarasa rugurgujewa a cikin kabad, ba wanda ya damu.

A watan Fabrairu injin wutar asibitin ya yi wani tsalle, akwatin wutar kwamfutar ya ƙone. Shi ne ɗan akwatin ƙarfen nan da ke cikinta ta baya, mai karɓar kuran, wato wutar lantarki, daga bango yana rage shi yana raba wa sauran kayan. Kaleb, magajin sito na asibitin, wanda ake ce wa Mushe, wato Malam a faransanci, ya je Sakkwato ya sayo sabo, ya kira Iliyasu ya ɗaura.

"Wanda ya ƙone ƙarfinsa wat ɗari biyu ne," in ji Kaleb, yana shafa kwalin. "Wanga ɗari huɗu. Na ce a ba ni mafi girma, kada mu sake jin kunya."

Iliyasu ya ɗaga akwatin. Ga lamba babba a jiki, amma hannu bai ji nauyi ba. Ya ɗaura shi da ƙyar, don ya fi gurbinsa faɗi, har ya toshe ramukan da iska ke bi. Ya kunna, ya jira kamar shan shayi ɗaya, ya kai bayan hannunsa bakin fankar akwatin.

"Mushe Kaleb, wanga ba ƙarfi anka saida maka ba, zafi ne."

"Kamar yaya?"

"Abin da na'urar ga ke ci bai kai ɗari da hamsin ba. Ko ka kawo mata dubu, iyakar cikinta za ta ɗauka. Lambar nan ado ce. Abin dubawa shi ne nawa yake zubarwa ya koma zafi, kuma wanga yana zubarwa da yawa. Yanzu da sauran sanyi. Bari bazara ta shigo."

Kaleb ya ɓata fuska. Shi ya zaɓo, shi ya gaya wa lokotoro, likitan asibitin, cewa an huta. Ya ce, "Malam Iliyasu, kai dai ɗaure kusoshinka."

Iliyasu ya ɗaure kusoshinsa. Ya roƙi a ba shi tsohon akwatin, aka ba shi kamar an yar. A rumfa, in ba aiki, yakan buɗe shi. Ya tarar 'yan gwangwanaye biyu masu riƙe wuta sun kumbura sun fashe, ya ciro irinsu daga wata matacciyar talabijin ya liƙa. Ya sa fankar ta juya. Iyakar gwajin da ya iya ke nan, don a duk kasuwar ba kwamfutar da zai jarraba a kai. Ya naɗe shi a tsumma ya tura ƙarƙashin tebur.

Ranar wata Talata cikin Afrilu, bayan azahar, lokacin da ko awaki sun lafe a gindin bango, moto ta tsaya a bakin rumfar ba a kashe ta ba. Kaleb ne, babu hula, rigarsa ta jiƙe ta manne a baya.

"Taso. Ta mutu."

"Wa?"

"Na'urar. Kuma in ba ta tashi ba, mace za ta bi ta."

A kan hanya, yana ihu saboda iska, Kaleb ya ba shi labari. An kawo wata mata daga Azarori a amalanke, Sakina sunanta. Ta haihu da hantsi, ɗan yana raye, amma jini ya ƙi tsayawa. Lokotoro ya yi abin da zai yi ya tsayar da shi, sai dai abin da ya zuba ya yi yawa. Jininta irin wanda ba a cika samu ba ne. An gwada mijinta, an gwada ƙannensa biyu, an gwada ma'aikata shida, babu wanda ya dace. Abigail ta tuna akwai mutum huɗu masu irinsa a cikin sunayen, amma cikin mutum ɗari bakwai ba ta riƙe ko su wa ne ba. Ta kunna kwamfutar, ta yi minti ɗaya ta ɗauke. Ta sake, ta ɗauke. A karo na uku sai wari.

Iliyasu ya ƙara gyara zama a bayan moto. Tsohon akwatin yana kan cinyarsa a cikin tsumma, ya rungume shi da hannu ɗaya.

Ɗakin gwajin jini rufin kwano ne, taga ɗaya. Da shigarsa warin ƙonannar roba ya dake shi. Abigail na tsaye, mace doguwa mai tabarau, ta haɗa hannuwa a ƙirji. A bakin ƙofa wani mutum ya tsaya da rawani a kwance a wuya, idanunsa jajur, da auduga manne a hannunsa inda aka ɗebi jini. Alƙasim ke nan, mijin Sakina.

"Wanga wani lokotoro ne?" ya tambaya.

"Mai gyara ne," in ji Abigail.

"Mai gyaran mi?"

"Rediyo."

Alƙasim ya dubi Iliyasu tun daga silifas har hula. "Matata na can tana sanyi, ku kuna nan kun kira mai rediyo."

Iliyasu ya zare wayar daga bango, ya durƙusa. Murfin ya yi zafin da sai da ya sa gefen rigarsa. Da ya buɗe, babban akwatin ya yi baƙi ta gefe guda, fankarsa ta narke ta karkace. Abin da ya fi tsorata shi ba wannan ba ne. In akwatin ya tura wuta mai yawa kafin ya mutu, ya tafi da babban allon da ke ciki, ko faifan da sunayen ke kai, to ko akwati goma ya kawo aikin banza ne. Ya sunkuya ya shinshina allon, kusurwa kusurwa. Ƙura da zafi kawai ya ji.

"Madam, a jiƙa buhu a rataya a tagar nan. A kawo mafici."

Abigail ta fita da gudu. Kaleb ya karɓi maficin da kansa, ya durƙusa yana fifita cikin na'urar, bai yarda sun haɗa ido ba.

Kusa ta huɗu ta ƙi fita, don da ƙarfi aka sa ta tun farko. Turnabis ya zame ya yanki babban yatsansa. Ya tsotse jinin ya sake dannawa. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce lokotoro na tambaya, Abigail ta ce a ce masa yanzu. Ma'aikaciyar ta ce ya ce a gaya musu yanzun ba ta da tsawo. Kusar ta juya.

Ya zare tsumma ya zaunar da tsohon akwatin a gurbinsa, ya shiga daidai. Saura filogi biyu masu shiga babban allon gefe da gefe. Kamarsu ɗaya, kuma kowanne yana iya shiga ramin ɗan'uwansa. In aka juya su, allon zai ƙone nan take. Maigidansa na Abijan ya taɓa marin wani a kan haka. Baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya, ƙa'idar ke nan. Ya sani sarai. Amma gumi na shiga idonsa, ɗakin ya yi duhu saboda buhun da aka rataya, wayoyin kuma sun dafe da tsufa har shuɗi da baƙi sun zama ɗaya.

"Ka sa mana!" in ji Alƙasim daga ƙofa. Ya tako ciki.

"Malam, tsaya inda kake, kana tare min haske."

"Ni kake gaya wa..."

"Kai nake gaya wa. In na yi kuskure nan, babu na biyu."

Alƙasim ya tsaya. Ya ja da baya taki ɗaya. Iliyasu ya tofa yawu a yatsa ya murza wayoyin ɗaya bayan ɗaya har launinsu ya fito. Baƙi biyu nan, baƙi biyu nan. Ya haɗa su a tsakiya, ya danna har suka yi ƙas. Ya yi bisimilla a ransa. Ya ji Abigail a bayansa tana tata addu'ar ƙasa ƙasa. Ya mayar da waya bango, ya danna makunni.

Fanka ta juya. Gilashin kwamfutar ya zauna baƙi. Iliyasu ya ƙirga numfashinsa, ɗaya, biyu, har biyar, yana tunanin gwangwanayen talabijin ɗin nan da bai taɓa ɗora musu kaya ba. Sai na'urar ta yi ɗan ƙara sau ɗaya, fararen rubutu suka fara hawa.

Abigail ta ture shi gefe ba ta ma sani ba. Ta yi kuskure ta goge ta sake. Iliyasu ya bar bayan hannunsa a bakin fankar. Iskar da ɗumi, amma ɗumin jikin mai lafiya.

"Ga su," in ji ta. Ta ɗauki biro tana rubutawa a tafin hannunta, don ba ta tsaya neman takarda ba. Na farko ta san shi, ya rasu bara. Na biyu ɗan garin Buza ne, Kaleb ya ce yana Libiya tun kaka. Na uku yana Keita, ba za a kai a dawo ba kafin magariba. Ta huɗu Cima, matar wani manomin albasa a Galma.

Kaleb ya yar da maficin. Kafin a ce wani abu an ji moto ta fita da shi ƙofar asibiti.

Daga nan babu abin da ya rage sai jira, kuma jiran ya fi aikin wuya. Iliyasu ya ɗauki maficin ya ci gaba da fifita, ko da yake ba a bukata sosai, don Abigail ta zauna tana kwafe sunayen duka da hannu a sabon littafi, ta ce ba za ta tashi ba sai ta gama. Alƙasim ya tsuguna a bakin ƙofa ya rufe fuska da rawani. Sau biyu ma'aikaciyar nan ta wuce da sauri ba ta dubi kowa ba. La'asar ta yi, babu wanda ya motsa. Can Alƙasim ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In ba ta gida fa?"

Ba ta gida kuwa. A fadama Kaleb ya same ta tana cirar albasa. Ya shigo da ita a bayan moto wajen ƙarfe biyar saura, gajeriyar mace mai ƙiba, da laka har gwiwa, tana faɗa cewa ko zane ba a bar ta ta sake ba. Abigail ta riƙe hannunta ta ce, "Inna, zanen ya jira." Aka shiga da ita.

Sakina ta kwana uku ba ta san inda take ba, ta yi mako uku a asibitin, sannan ta koma Azarori da ɗanta a baya. Alƙasim bai taɓa ba Iliyasu haƙuri da baki ba. Sai dai bayan girbi wani ya sauke damin gero a bakin rumfar, ya ce daga Azarori, ya tafi.

Kaleb ya daɗe yana kauce wa kasuwa. Da ya zo daga baya, da saƙon lokotoro ya zo, wai ana son Iliyasu ya zama mai kula da wutar asibitin. Iliyasu ya ce shi ba ya iya zaman da za a riƙa buga masa ƙararrawa. Abin da ya yarda da shi, duk ƙarshen sanyi zai zo ya buɗe na'urar ya share ta. Sannu a hankali ofisoshin Madawa da Buza har Keita suka ji labari, ya zama kafin kowace bazara yana zagayawa da turnabis da burushin fenti. In an nuna masa sabon akwati ana yabon lambarsa, sai ya ɗaga ya ji nauyi, ya ce a kunna a ba shi minti goma.

A zuwansa na gaba asibitin, Abigail ta ce tunda ya zo sai ya miƙo hannu. Ya ce shi allura ba ta cikin abin da yake so. Ta ce ba tambayarsa ta yi ba. Ta ɗiga jininsa a gilashi, ta jujjuya, ta duba ta saman tabarau.

"Irin na kowa ne," ta ce. "Rabin kasuwar Madawa irinsa gare su."

Ta rubuta sunansa duk da haka, a na'ura da kuma a littafi.