Fim Ɗin da Ya Buɗe Bakin 'Yar Yayana

Shekarar da yayana ya rasu, 'yarsa ta dawo gidana a Barunde, tana aji biyar na sakandare. Tana cin abinci, tana zuwa makaranta, amma maganarta ba ta wuce "to, Gwaggo." Kullum tana rungume da wani littafin Turanci da mahaifinta ya saya mata, labarin wasu matasa da ke neman tsira bayan ruwa ya ƙafe a duniya.

Da na ji an yi fim ɗinsa, sai na je aka tura mini a waya. Mai turawar har cewa ya yi, "Hajiya, waɗanda suka kalla fa sun ce ba daɗi." Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna kallo. Ni dai gudu da ihu kawai na gani.

Ana gamawa ta miƙe a fusace. "Gwaggo, sun ɓata shi! A littafin, baban yarinyar ne ya koya mata haƙa rijiya. Nan ko nuna shi ba su yi ba!"

Ta ɗauko littafin tana fassara mini, har ta gangaro kan nata baban, yadda yake karanta mata yana sauya murya. Muka yi dariya, muka yi kuka, aka kira magariba ban ɗora tukunya ba.

Ban san waɗanda suka shirya fim ɗin ba, amma na sha sa musu albarka.