Janaretan da Aka Kai Biki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Afrilu, 2009, Allah Ya karɓi ran yayata, Dakta Rekiya Babandi, a gidanmu na Lafiya. Ciwon dajin da ta ƙare rayuwarta tana yaƙa, shi ya zama ajalinta.

Yaya, ni Usaina ban yi karatunki ba, amma kin zaunar da ni kin fahimtar da ni aikinki. Kin ce a cikin jinin mutum akwai wasu fararen ƙwayoyi masu taimako, ba sa kisa da kansu, su ne ke tayar da 'yan uwansu su afka wa cuta. Ke kuma kina gyara su don su gane ciwon daji. Wahalar ita ce da sun isa wurin ciwon sai wasu su gaji, wasu ma su juya suna hana faɗan. Kina dariya kika ce, "Kamar ki aika ɗan sako ne, Usaina, ya je ya zauna cin tuwo a gidan abokin gaba."

Matan Kwandere da Keana nawa kika duba kyauta? Har kuɗin acaɓa kike ba su.

Shekara shida kina wannan fama kafin ki samu rukuni ɗaya na ƙwayoyin da bai juya ba. Kika adana shi a firiza. Sai shugaban ɗakin bincikenku ya sa aka ɗauke janareta zuwa bikin 'yarsa, wai kwana biyu kacal. Wuta ta ɗauke, komai ya narke. Ranar na fara ganin kukanki, kuma lokacin ciwon ya riga ya kama ki, kin san ba ki da wata shekara shidan.

Shugaban nan ya zo gaisuwa, wallahi, ya zauna a tabarmar gaba yana faɗin ke 'yarsa ce! Kin ce kin yafe masa. Wannan halinki ne, Yaya. Ni ban yafe ba. Littattafan aikinki tara suna hannuna, zan buga su duka, har shafin da kika rubuta, "Sun mutu, an kai janareta biki." Kwafin farko ni zan kai masa da hannuna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa jinyarki ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya ba Inna, da mijinki Malam Saleh, da 'yarki Ramatu haƙuri. Ni ma ku saka ni a addu'a, don nawa haƙurin bai zo ba tukuna.