Ƙulli Huɗu a Igiyar Shanyata

Assalamu alaikum 'yan uwa mata na wannan zaure. Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba, ga shi hantsi ya yi, ko wanke-wanke ban taɓa ba. An ce mafarki mai daɗi masoya ake faɗa wa, shi ya sa na kawo shi nan. Amma sai na fara gaya muku abu biyu, in ba haka ba ba za ku gane kansa ba.

Na farko, mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban motar kashe gobara ne, wato ɗan kwana-kwana. Yana da wata igiya mai kauri irin ta aikinsu, da ƙulli huɗu a jikinta. In ka auna daga bakin igiyar, kowane ƙulli faɗin abin hawa ɗaya ne da aka yi aiki da shi a gidan kwana-kwanan garinmu. Ranar da ba ya aiki sai ya saɓa ta ya shiga unguwanni yana auna layuka, don ya san inda motarsa za ta shiga tun kafin ranar tsautsayi. Ni ce mai riƙe masa bakin igiyar. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana. Da ya rasu yayyena maza suka ɗauki hular kwanonsa da manyan takalman, ni igiyar ta faɗo min. Shanya nake yi a kanta.

Na biyu, kicin. Shekara goma sha ɗaya ina girki a ƙarƙashin rumfar kwano, in damina ta zo ruwa ya kashe min wuta, ni da tukunya mu koma zaure. Bana dai maigidana, Abban Hafsa, ya amince. Tsakar gidan ba fili, don haka za a turo katanga waje ta ci wani abu na layi. Bulo yana jibge a ƙofar gida, magini ya kafa turaku ya ja zare, ranar Asabar zai fara. Da na ɗan yi ƙorafin ko layin ba zai matse ba, dariya Abban Hafsa ya yi, ya ce, "Duba layin nan, Hajiya. Wancan ya fito da dakali, wancan ya fito da shago. Mu kaɗai ne waliyyai? Ko kin fasa, in mayar musu da bulonsu?" Na ce ban fasa ba. Wallahi ban fasa ba.

To, ga mafarkin.

Na gan ni a cikin kicin ɗin an gama shi tsaf. Farin tayil har rabin bango, taga tana kallon layi, ga kanta na jera tukwanena a kai daga babba zuwa ƙarama. Ina juya miya ina murmushi ni kaɗai. Sai na ji wata murya daga nesa tana cewa, "Gobara! Gobara!" ba da ihu ba, kamar mai tallan gishiri.

Na leƙa taga. Rana ce tsaka, amma babu zafi. Layinmu ya yi tsawo kamar hanyar wani gari, kuma can ƙarshensa hayaƙi yana tashi a miƙe daga gidan Iya Mairo. Iya Mairo tsohuwa ce da ke ƙuryar layinmu, tana soya ƙuli-ƙuli tana tatsar man gyaɗa, kuma layin daga gidanta ba ya ɓullewa ko'ina. Ita ta yi min wankan jegon Hafsa. Na gan ta zaune a kan soro ta miƙe ƙafa, wuta a ƙasanta, tana tsince gyaɗa a faifai.

Sai kawai ga mutane sun jeru daga bakin titi har ƙarshen layin, ba takalma, suna miƙa wa juna guga da jajayen bokitai, wasu ruwa wasu yashi. Ban san fuskar ko ɗaya ba. Tufafinsu irin na hotunan dā ne. Suka wuce ta gaban kicina a sake, ko kallonsa ba su yi ba. Na ce a raina, ka ga, ai hanya ta isa.

Bayansu ga wata amalanke mai ƙafafun ƙarfe, da famfon hannu a kanta, mutum biyu ta nan biyu ta can suna danna mariƙinsa sama da ƙasa suna gudu da ita. Na gane ta nan take duk da ban taɓa ganinta ba. Ita ce ƙulli na farko. Baba ya ce a sito ya tarar da ita sanda ya shiga aiki, sai gobarar cikin kasuwa ake fito da ita. Ta wuce tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Sai 'Yar Shila, ƙulli na biyu: ƙaramar mota ba rufi, tana jan injin famfo a baya, tiyo a naɗe a gefenta kamar gammo. Mutum shida a kanta, rabinsu a maƙale. Ɗaya ya ɗago min hular kwanonsa. Ita ma ta wuce, amma na lura sai da direban ya rage gudu a daidai tagata.

Wutar gidan Iya Mairo ba ta ragu ba. Duk wanda ya isa ya zuba nasa, sai ta risina kaɗan ta sake miƙewa.

Sai na ji ƙararrawa. 'Yan uwa, ko a lahira na ji ƙararrawar nan zan gane ta. Ta tagulla ce, Baba da kansa yake goge ta da toka da lemon tsami duk Juma'a. Jar babbar motar nan ce da suke kira Mai Ƙararrawa, ƙulli na uku, wadda sai an zura mata ƙarfe a hanci an murɗa kafin ta tashi. Tsanin katako a kwance a bayanta. Ga Baba a gaban sitiyari, gemunsa baƙi wuluk, saurayi, ni na ma girme shi. Na ɗaga murya na ce, "Baba!" Bai waiwayo ba, idonsa na kan bangona. Ya lallaɓa ta a hankali, madubin gefe ya ja dogon layi a jikin sabon fentina, ƙiiii. Ta wuce da ƙyar. Har warin man dizal da jiƙaƙƙen tiyo na ji, warin da kayansa ke yi in ya dawo gida.

Sai kawai jiniya ta cika ko'ina, layin ya yi duhu saboda girman abin da ya shigo. Ita ce ta huɗu, mai dogon tsanin da ke miƙewa da kansa. Wannan Baba bai tuƙa ta ba. Bayan ya yi ritaya aka kawo ta, amma ya saɓa igiyarsa da sandarsa ya je har gidan kwana-kwana ya auna ta, samarin wurin suna ta tsokanarsa wai tsoho ya zo ɗinka wa mota riga. Ta taho tana walƙiya, ta iso kusurwar kicina, ta tsaya cak. Jiniyar ta mutu. Ban ga fuskar direban ba, hannuwansa kawai na gani a kan sitiyari suna jira.

Masu guga sun tsaya, masu amalanke sun tsaya. Iya Mairo ta ɗaga ƙafafunta ta naɗe su don wutar ta taɓo bakin soron.

Sai na ga Baba a tsakar gidana, yanzu kuma da furfurarsa, yana sauke min shanya. Ya cire zanena daga kan igiyar, ya cire rigar makarantar Hafsa, ya ninke kowanne ya ajiye a kan turmi, ya kwance igiyar. Muka fito waje. Ya miƙo min bakinta ya ce, "Uwata, riƙe min nan." Na dafa ta a bangon maƙwabtanmu na tsallake kamar yadda na saba. Ya ja. Ƙulli na farko ya faɗi a tsakiyar layi, na biyu gaba kaɗan, na uku ya tsaya daf da bangona. Na huɗu ya ratsa bangon kamar babu shi, ya je ya kwanta a kan murhuna, kusa da tukunyar miya.

Na ce, "Baba, shekara goma sha ɗaya fa." Ya tsaya riƙe da igiyar. Bai kuma ɓata rai ba. Kallona kawai yake yi irin na sanda nake ƙarama in ya ba ni lissafi yana jira in gano da kaina.

Ban san inda taɓarya ta fito ba, a hannuna kawai na gan ta. Na yi bisimilla na kai wa kusurwar kicin ɗin duka. Na zaci hannuna zai yi tsami. Ina! Bulon ya ruguje kamar dambu. Na sake kai masa, tayil ya zubo yana sheƙi. Abin mamaki, daɗi nake ji, wani irin sanyi a ƙirji kamar na sauke tulu.

Sai na ji wani dukan yana amsa nawa. Na waiwaya, ga maƙwabciyata Maman Sadiya tana rushe dakalinsu da tata taɓaryar, ga matar mai shago tana cin bakin shagonsu, ga mata duk sun fito har ƙarshen layi, kowace a ƙofar gidanta. Dukan ya daidaita ya zama lugude, ana cilla taɓarya sama ana tafawa ana cafewa. Maman Sadiya tana haki tana ce min, "Maman Hafsa, ashe haka kike da ƙarfi kike sa mu yi miki daka ranar suna?" Muka fashe da dariya, ƙura ta rufe mu fari fat.

Jiniya ta farka. Babbar motar ta taho, ta wuce ta gabana ba ta taɓa komai ba, iskarta ta ɗaga min hijabi. Tsanin ya miƙe, ya miƙe, har ya wuce kan bishiyar darbejiya. Ruwa ya fito daga samansa ya yi baka a sararin sama, na amalanke da na 'Yar Shila da na Mai Ƙararrawa duk suka haɗu da shi, masu guga suna watsa nasu ta ƙasa. Wutar ta yi wani dogon tsaki ta kwanta. Yayyafin ya sauko mana, muka jiƙe sharkaf muna kabbara.

Aka sauko da Iya Mairo ta tsanin, faifanta a kai, ko ƙwayar gyaɗa ɗaya ba ta zube ba. Tana sauka tana faɗa: "Ku bi a hankali 'yan nan, kun jiƙa min ƙuli! Wa zai ci ƙuli jiƙaƙƙe?" Ta iso gabana ta damƙa min gyaɗa cikin tafin hannu ta ce, "Ungo, 'yar direba." Wata ta rangaɗa guɗa, duk layin ya ɗauka.

Daga nan motocin suka jeru za su fita, sabuwar a gaba, masu guga a ƙarshe, mutane suna tafi ta kowane gefe. Mai Ƙararrawa ta tsaya a gabana. Baba ya leƙo, ya miƙo min igiyar a naɗe. Na ce, "To yanzu a ina zan yi girki?" Ya yi dariyar nan tasa da ba ta da sauti, ya kai hannu ya kaɗa ƙararrawa. Tana kaɗawa, tana kaɗawa, sai sautin ya koma kiran sallar asuba na masallacin layinmu. Na farka hannuna na dama a dunƙule, kamar da gyaɗa a ciki.

Na yi salla, na yi wa Baba addu'a. Da gari ya waye na kasa haƙuri. Na sauke shanyar da na bari ta kwana, na kwance igiyar, na zura hijabi na fita. Na danne bakinta da dutse a gindin bangon tsallake, na ja ta zuwa zaren da magini ya ɗaura. Ƙulli na uku ya tsaya daf da zaren. Na huɗu ya haye shi da kamu guda, daga gwiwar hannuna zuwa yatsa. Sau uku ina aunawa.

Ina durƙushe Abban Hafsa ya dawo daga masallaci da carbinsa. Ya ce, "Ikon Allah. Yau kuma a titi za a yi shanyar?" Na yi dariya na ce iska nake sha. Ban gaya masa komai ba. Can ƙuryar layi hayaƙin suyar Iya Mairo ya fara tashi kamar kullum.

In aka ja da baya kamu guda, abin da zai rage bai fi wurin tsugunno da tukunya ɗaya ba, kantar nan da na jera a raina babu ita. Kuma ko na ja nawa, dakalin su Maman Sadiya da shagon suna nan, ban san ko a farke ma za su fito da taɓarya ba.

Don Allah masu sanin fassara a cikinku, ku taimaka min. Wannan tunanin da na kwanta da shi ne kawai ya dawo min da hoto, ko kuwa nuni ne aka yi min? In nuni ne, me ya sa na tambayi Baba inda zan yi girki ya yi dariya bai amsa ba? Jibi Asabar. Igiyar tana nan a cinyata, jiƙaƙƙun kaya suna cikin baho suna jira, na kasa mayar da ita. In ku ne, da wane baki za ku ce wa mutumin da kuka dama shekara goma sha ɗaya ya dakatar da magini?