Sanarwar da Ban Kai Tsallake Ba

Garinmu yana bayan Riruwai, a ƙarshen ƙasar Doguwa. Rafi ne kawai ya raba mu da jihar Kaduna, da rani ruwansa ko idon sawu ba ya kaiwa. Mutanen hayin rafin muna ce musu 'yan tsallake. Kasuwarmu ɗaya da su, injin niƙanmu ɗaya.

Na daɗe ina riƙe da sanarwar gari. Al'adarmu ita ce, in an idar da Juma'a ladan ya miƙo mini lasifika, in faɗi abin da mai unguwa ya ba ni: rigakafi, ranar gayya, cigiyar akuya. Wanda bai zo masallaci ba ya ji a bakin wani. 'Yan tsallake kuwa rabinsu coci suke zuwa, sauran suna Juma'a a wani gari can ciki.

Wata damina duba-gari ya zo ya ce ruwan tsohon ramin kuza na bakin rafi ya ɓaci, masu feshi sun wanke jarkokin maganin ciyawa a ciki, kada a shayar da dabba. Na faɗa a masallaci. Da muka fito mai unguwa ya ce, "Malam, ka aika wa 'yan tsallake?" Na ce na aika. Ban aika ba. Gonata tana jiran maimai, kuma a raina na ce ai suna da nasu mai unguwar, ba jiharmu ba ce.

Kafin wata Juma'ar, shanun huɗa biyu na wani manomi a tsallake suka mutu. Tare muka yi wankin kuza da shi muna samari. A wannan shekarar da hauya ya ƙarasa noma, shi da matarsa, rabin gonar ya bar wa ciyawa. Na je jaje, na zauna a tabarmarsa. Ya ce, "Da an gaya mana." Na ce an aiko, sai dai in saƙon ne bai iso ba. Haka na bar maganar shekara da shekaru.

Bana kwamitin gari ya zauna a firamare don a naɗa wanda zai gaje ni, muryata ta daina kaiwa sahun baya. Matasa suka ce yanzu komai ta waya za a riƙa turawa. Na tambaya ko 'yan tsallake suna cikin waɗanda ake tura wa.

Sakatare ya yi dariya. "Baba, in haka ne mu haɗa har da Zariya mana."

"Gwamnansu daban ne, Baba," in ji wani daga baya.

Mai unguwa na yanzu, ɗan wancan na dā ne da ya rasu, ya ce, "A bar wannan. Tun zamanin mahaifina in abu ya taso ana aika musu. Ko ba haka ba, Malam?"

Da na ce haka ne, da an wuce wurin. Na dafa benci na miƙe, na ce, "Ranka ya daɗe, ba a aikawa. Na yi wa mahaifinka ƙarya." Na faɗi komai, har zaman tabarmar. Na ce ba zan miƙa lasifika ba sai an rubuta cewa duk sanarwar ruwa, dabba ko cuta, mutum zai taka ya kai wa mai unguwar tsallake da faston cocinsu. Sakatare ya rubuta, bai ɗago ba. Aka tambayi wanda zai riƙa zuwa, kowa ya sunkuyar da kai. Na ce ni.

Ranar da na fara ƙetarawa, gidan manomin nan na fara shiga. Ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi yana. Na gaya masa gaskiya. Ya jima yana murza carbin da ke tafin hannunsa kafin ya ce, "To, yau me ka kawo?"

Na ce allurar shanu ce ranar Talata, a filin kasuwa. Ya kira matarsa ya ce ta faɗa a zumuntar mata ta cocinsu.

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban matsa masa ba. Ruwa ya fara sauka, rafin ya kai gwiwa, na sa an yanko mini doguwar gora ta ƙetare rafi.