Baƙin Ƙwallon Kakan Barba Jerko

Barba Jerko, wato Baba Jerko a yarenmu, maƙwabcinmu ne a tsibirin Brač. Shekara talatin ya yi yana yanka tikiti a jirgin fito. Da ya ajiye aiki sai ya koma tara tsofaffin ƙwallayen balote na katako, irin waɗanda dattawa ke gangarawa a fili da yamma. Sittin da uku gare shi, kowanne da sunansa. Matarsa Perina ta ce ita dai ta gaji da tuntuɓe da su a hanyar banɗaki.

Abin alfaharinsa wani baƙi ne mai sheƙi. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha labarin yadda kakansa ya lallasa limamin cocin garin da shi a wasan balote.

Rannan ya gayyato wata Vinka daga birnin Split, masaniyar kayan da, ta yi musu kuɗi. Ta ci gasasshen kifi, ta sa tabarau, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan baƙin, ta jujjuya shi, ta sa farce ta ƙwaƙule wani rami da aka toshe da kakin zuma.

"Barba, wannan ai ba ƙwallo ba ne. Kan sandar matakalar bene ne. Ga gurbin ƙusarsa nan."

Perina ta yi dariya har da riƙe ciki. Jerko ya ce, "Wato da kan matakala kakana ya ci limami? Ai kuwa daraja ta ƙaru."

Ya bi gari yana baza sabon labari, har ya kai kunnen Don Lovre, limamin yanzu. Washegari sai ga shi a ƙofa.

"Barba, matakalar gidan coci tun kafin a haife ni kanta ɗaya babu. Ashe nan yake hutawa."

"Ranka ya daɗe, shekara ɗari fa. Ai ya zama ɗan gida."

Suka yarda a raba gardama a filin balote, wanda ya ci ya ɗauka. Jerko ya dage da baƙin zai yi wasa. Abin kuwa ba mulmulalle sosai ba ne, ya karkace ya faɗa lambun kabeji. Don Lovre ya ci wasa, ya tsinto shi ya mayar kan matakalar gidan coci.

Tun daga nan kowace Lahadi Jerko na coci da tsumma da man zaitun. Mutane suka ce tsoho ya shiryu, alhali ko huɗuba ba ya tsayawa ji, goge kan matakala yake yi ya dawo. Perina ta ce ko ba komai, yanzu yana aske gemu sau ɗaya a mako.