Kofur Muttaka da Ajinsa na Juma'a

A ƙofar wani dogon bene na ofisoshi a Lusail, kusa da Doha, akwai mai gadi da ake kira Kofur. Sunansa na yanka Muttaka, amma ko a kamfanin da ya ɗauke shi ba kowa ya san haka ba. Hatta 'yan Nepal da suke aiki tare Kofur suke ce masa, kowa da irin karyewar harshensa. Dogo ne, ya ba arba'in baya, kuma in ana masa magana yakan ɗan juyo da kunnen dama, domin na hagun ya daina aiki tun yana soja.

Mutumin ƙasar Zazzau ne. Shekara goma sha huɗu ya yi sanye da kaki, har ranar da motar da ke gaban tasu ta taka nakiya a wani daji. Mutum biyar ne a cikinta, duk ya san su, ya san matansu. Shi kunne kawai ya rasa, aƙalla abin da likitan bariki ya rubuta ke nan kafin a sallame shi.

Ya fi shekara yana zaman gida, sai matarsa Haulatu ta ji a rediyo cewa gwamnati ta fito da wani shiri na tura tsofaffin sojoji kwalejin ilimi, in sun gama a ba su aji.

"Baban Khadija, wannan ai da kai ake," in ji ta. "Kullum kai ne tara 'ya'yan maƙwabta kana yi musu lissafi a kan tabarma. To ga shi za a mayar da shi aiki."

Ya cike takarda, aka ɗauke shi. Shekara uku ya zauna a benci ɗaya da samarin da ya kusa haifa, suna ce masa Baba Soja, suna aron littafinsa don rubutunsa ya fi na kowa tsabta. An koya masa tsara darasi, an koya masa tsayuwa a gaban allo ba tare da ya ba yara baya ba. Babu wanda ya tambaye shi abin da ya dawo da shi daga daji a cikin kansa, shi ma bai faɗa ba.

Aka tura shi wata firamare a ƙauye, aji huɗu, yara sittin da 'yan kai. Zangon farko abin gwanin ban sha'awa. Ko bulala bai taɓa riƙewa ba, tsayuwarsa kaɗai ta isa. Sai wata rana da damina, yana tsakiyar koya musu rabawa, iska ta ɗaga kwanon rufin ajin da ke kusa ta maka shi da ƙasa. Muttaka bai san lokacin da ya daka tsawa ba.

"Kowa ya kwanta!"

Ya yi tsalle ya danne yara biyu da ke gaba. Da hankalinsa ya dawo, ajin ya kaure da kuka, leɓen wata yarinya ya fashe a bakin benci, jini ya ɓata mata hijabi.

Hedimasta mutumin kirki ne, ya ce, "Malam Muttaka, babu wanda ya kore ka." Uban yarinyar ma ya zo, ba da faɗa ba, hannu ya ba shi, ya ce Allah Ya ba shi lafiya. Wannan tausayin ya fi masa zagi ciwo. Daga ranar, in ya ɗaga alli sai ya ga 'yan layin gaba suna ja da baya. Ya daure har ƙarshen zango, ya ajiye aikin. Bayan wata takwas wani ɗan uwansa ya samo masa gadi a Doha.

Aikin ya yi masa daidai. Ƙofofin benen na gilashi ne, su buɗe da kansu, su rufe ba ƙara. Ya duba kati, ya ce a wuce, shi ke nan. Shekara biyu ya yi haka, bai gaya wa kowa ya taɓa koyarwa ba.

Direban motar da ke kai su aiki wani dattijo ne ɗan Haɗeja, Ado. Wata Juma'a bayan la'asar suna zaune su biyu a kasuwar Souq Waqif, kowa da kofin shayin karak, sai Ado ya miƙo masa waya.

"Kofur, duba min. Suwaiba ce ta rubuto, babbar 'yata."

Muttaka ya fara karantawa, ya tsaya. Maganar rashin lafiyar mahaifiyarta ce, irin wadda ba a faɗa wa baƙo. Ya ƙarasa da murya ƙasa-ƙasa. Ado ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon 'yan dakon da ke tura baro.

"Na ce ta riƙa turo murya, ta ce gidan ba wurin keɓewa," ya ce. "Shekara tara sirrin gidana yana bakin mutane. Na sauke Alƙur'ani, Kofur, amma wannan bokon ko sunana ba na ganewa. Ranar nan na ga kana nuna wa Suraj, yaron nan na masaukinmu, yadda ake cike takarda. Ba yau ka fara ba."

"Na bar wannan, Baba Ado."

"Ka bar me?"

A nan Muttaka ya ba shi labarin da Haulatu kaɗai ta sani, tun daga nakiyar har leɓen yarinyar. Ado ya saurara har ƙarshe, ya kurɓi shayinsa.

"To ni ba yaro ba ne," ya ce. "Dubi tumbina. In ka faɗo a kaina kai za ka ji jiki. Yalla, mu fara karatu Juma'a mai zuwa."

Suka fara a ɗakin cin abinci na masaukinsu, da safe kafin lokacin masallaci. Bayan kwali ne allon. Muttaka ya lura tunda Ado ya san baƙaƙen Larabci, ba sai an faro da shi daga tushe ba. Sai ya riƙa rubuta kowane harafin boko da ɗan uwansa na ajami a ƙasa. Cikin wata biyu Ado ya fara haɗa baƙi. Suraj ya zo leƙe ya zauna. Osman, wani ɗan Zango daga Kumasi mai wankin motoci, ya ce shi Turanci yake so, don ya daina sa hannu a takardar kafil, wato ubangidansa na aiki, bai san abin da ke ciki ba. Kafin sanyi ya shigo sun zama su bakwai, kuma Ado ya hana kowa cewa Kofur a cikin ɗakin. Malam ne.

Abin da Muttaka ke tsoro bai fasa zuwa ba. Wata safiya mai dafa abinci ya suɓutar da babbar tukunya da murfinta a kan tayil. Muttaka ya tsinci kansa a ƙarƙashin tebur, ya rufe kai da hannuwa, gumi ya jiƙa masa riga. Yana jin ɗakin ya yi tsit, ya san kallonsa ake yi, ya yi fatan ƙasa ta tsage.

Sai ya ji muryar Ado, da ƙarfi, yana bin kwalin da yatsa.

"Ta-fi. Tafi. Ƙa-su-wa. Suraj, kai ne na gaba, me kake kallo?"

Suraj ya karɓa. Osman ya tura gorar ruwa ƙarƙashin teburin ba tare da ya leƙa ba. Aka zagayo har sau biyu kafin Muttaka ya fito, ya karkaɗe gwiwarsa, ya ɗauki alƙalami.

"Baba Ado, kasuwa ba ta da ƙugiya a kai. Ɗazu ƙasuwa ka ce."

"Khalas, shi ke nan, Malam, an gyara."

Ba a sake tayar da maganar ba, sai dai a makon Ado ya ɗauke shi a mota ya kai shi asibiti, ya zauna a waje har ya fito. Yanzu duk wata Muttaka yana ganin wata likita, kuma ya ce barcinsa ya fi na da, ko da yake bai warke ba.

Saura shekara guda kwangilarsa ta ƙare. Haulatu tana tambayarsa ko in ya dawo zai koma aji. Bai ba ta amsa ba tukuna. Yara dai har yanzu yana tsoron tsayuwa a gabansu, amma ya rubuta wa ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsu yana tambaya ko akwai gurbi a ajin yaƙi da jahilci, inda manya ke zuwa. Har yau ba su amsa ba.

A watan jiya ya roƙe ta ta nemo masa littattafan tsara darasinsa na kwaleji a ƙasan akwati, ta ba wani da ke tahowa. Sun iso a jaka ɗaya da daddawa da kuka. Osman ya shinshina shafin farko ya ce wannan darasi da tuwo ya kamata a haɗa shi, aka yi dariya, Muttaka ya buɗe babi na uku ya ce kowa ya fito da alƙalaminsa.