Jan Bargon Shigeno

Shekara goma sha ɗaya Shigeno ta yi tana nutso a teku tana ɓamɓaro kodi daga jikin duwatsu, kafin ciwon kunne ya dawo da ita tudu. Ta auri Kumazo masunci, suka zauna a gidan katako mai doguwar baranda a sama, can gefen tudun da ke kallon gaɓar Shima.

A lokacin ba a fara sa wa jirage na'urar nuna hanya ba. Masunci kan tsaya a ruwa ne ya daidaita abu biyu na tudu, ɗaya a bayan ɗaya, ya ce nan ne wurina, kuma ko ɗan'uwansa ba ya gaya wa. Alamar Kumazo ita ce doguwar bishiyar kan tudu da jan bargon da matarsa ke shanyawa kowace safiya. Idan bishiyar ta hau kan bargon, sai ya saki fatsa.

Abin da bai sani ba, bargon ba wuri ɗaya yake zama ba. Shigeno ta san ƙarƙashin ruwan nan kamar ɗakin girkinta. Takan dubi launin teku da inda iska ta nufa, ta matsar da bargon taku biyu ko uku, shi kuwa can a ruwa ya bi shi har kan dutsen da wani jan kifi mai tsada da ake kira tai ya taru ranar. Shekara ashirin da shida ana haka, har sunansa a gari ya koma Mai Hancin Kifi. Ba abin da ya mallaka da yake ji da shi kamar sunan nan.

Wata ranar kasuwa, tana tsaye tana wanke kwanduna, ta ji shi yana cika baki a gaban abokin hamayyarsa Denkichi.

"Mace da teku? Tawa dai ta iya shanya, a nan iliminta ya tsaya."

Aka yi dariya. Ita ma ta ɗan yi.

Washegari bargon ya koma can ƙarshen baranda, wajen da ya sa jirgin Kumazo a kan yashi zalla. Ya dawo da kifi uku masu kumbura ciki, waɗanda ko kyanwa ba ta kallo. Rana ta biyu, tsohon takalmin roba. Rana ta huɗu Denkichi ya tare shi a bakin gaɓa.

"Mai Hanci, mura ce ta kama ka? In kawo maka tsumma?"

"Ruwan ne ya yi sanyi."

"To, mu namu da ɗumi. Ko ruwanka daban ne?"

Rana ta shida ya daɗe a jirgi bai saki fatsa ba, yana ta kallon gidansa. Da ya dawo ya hau sama ya auna barandar da ƙafa, ya sauko ya zauna gaban shinkafa da miyar waken soya bai taɓa ba.

"Ke, bargon nan... tafiya yake yi?"

"Bargo da ƙafa, Baban Michiko? Ni shanya kawai na iya."

Ya sosa ƙeya. Ya cika mata kofin shayi, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu, har ya zuba a tabarma.

"Gobe fa, ina kike ganin rana za ta fi bugawa?"

Ta kurɓi shayin a hankali.

"Sai na ga ruwa tukuna. Kuma bayana ya fara ciwo, bargon da nauyi. Kai za ka riƙa hawa da shi kafin ka fita."

"A gaban mutane? Gidan Denkichi na kallon barandar nan!"

"To, a bar shi inda yake."

Da safe Denkichi ya leƙo ta taga ya ga Mai Hancin Kifi rungume da jan bargo, matarsa na daga ƙasa tana nuna masa da ludayi: gaba kaɗan, a'a, baya. Ya yi dariya har da tari, ya yayata wa gari cewa Kumazo ya zama ɗan aikin matarsa. Da azahar Kumazo ya sauke kifin tai goma sha huɗu a gaban Denkichi.